Ranar da Na Juya Takarda Biyu

Shekaranjiya aka kawo mana gyaɗa daga gona, buhu huɗu. Maigidana ya sa aka loda ta a a-daidaita-sahu aka kai inji can bakin hanyar Kiyawa, kafin in gama wanke-wanken rana har an dawo da ita ɓararriya tas. Kowa a gidan yana sa wa injin albarka, ni kuwa na tsaya a kan buhunan kamar wadda aka yi wa ƙwace. Autata ta ɗago kai ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, ta mayar da ido kan waya. Wai littafi take karantawa, kuma wai akwai fiye da ɗari a cikin 'yar wayar nan. Ban musa mata ba, zamani ne. Abin da na lura da shi kawai, karatun nata ba shi da ƙara. Ta goga yatsa, shafi ya wuce, wani ya zo, ko kana jingine da kafaɗarta ba za ka ji komai ba. Ni kuwa a gidan da na tashi, gyaɗa da littafi tare suke tafiya, kuma dukansu da kunne ake bin su.

A lokacinmu buhu huɗu aikin wata guda ne, ko fiye. Da an gama kaka sai a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, a juye gyaɗa tsibi guda, kowa ya jawo ƙwaryarsa. Daga hantsi zuwa azahar, sannan daga la'asar zuwa kiran magariba, ba abin da kake ji sai ƙas-ƙas ɗin ɓawo, da kukan tantabarun Baba, da dakan maƙwabta yana ketowa ta katanga. Babban yatsa ya yi ta zugi har ya yi kanta ya daina. Gyaɗar ta Inna ce, don ita ke yin mai da ƙuli-ƙuli, amma Baba ma yakan zauna da mu, saboda ba ya yarda kowa ya zaɓar masa ta iri. Idonsa ya riga ya fara rauni a lokacin, da yatsa yake gane ƙwaya mai kyau. Kunnensa kuwa, Allah ya jiƙansa, ba a magana. Ya yi shekaru yana sauraron tilawar ɗalibai tun zamanin da Alƙur'ani yake takardu sake a cikin gafaka, don haka ko a gida na uku yaro yake karatu, in ya tsallake aya sai ka ji Baba ya yi gyaran murya daga inda yake zaune. Shi ne kuma ake kira rabon gado a unguwarmu. Boko dai ko harafi ɗaya bai sani ba, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

Littattafai ta ƙofar haya suka shigo gidanmu. Da aka mayar da Dutse babban birnin jiha, garin da muka sani da duwatsu da dabino sai ya cika da ma'aikata, ga mutane ba ɗakin kwana. Baba ya toshe ƙofar ɗakuna biyu na waje, ya fasa musu wata ta kan titi, ya ba da haya. Wadda ta kama su wata Kirista ce daga wajen Filato, mai buga tafireta a wata ma'aikata. Mu muna ce mata Anti, Baba kuma ya ce Malama. Ba ta da kayan ɗaki na a zo a gani: katifa, risho, rediyo, sai wani koren akwatin ƙarfe da ta ɗora a kan bulo huɗu saboda gara. Na daɗe ina zaton atamfofi ne a ciki. Ranar da ta buɗe shi a gabana na ga littattafai ne cunkus, na Hausa kaɗan, na Turanci da yawa, sai na ce a raina, wannan baiwar Allah ba ta san abin da ake yi da albashi ba.

Ina sakandaren 'yan mata ta fara ba ni aro, ɗaya bayan ɗaya, da dokoki uku. A wanke hannu, don ta san gidanmu gidan mai ne. Kada a lanƙwasa kusurwar takarda. Ta ukun ita ce mai wuya: in ka dawo da littafi ba ta tambayar ko ya yi daɗi, sai ta ce ka faɗa mata abin da ba ka yarda da shi ba a ciki. In na ce duk na yarda, sai ta miƙo mini abina ta ce ban karanta ba tukuna. Na sha fita ɗakin nan ina ƙunƙuni. Turancina na lokacin ɗingishi yake yi, ƙamus ɗinta kuwa ya sha wahala a hannuna, amma a haka na cinye rabin akwatin.

Uku daga ciki su suka zauna mini a rai, har gefensu ya yi baƙi don yawan ɗauka. Na farko labarin wani gari ne da aka gina a gadon bayan wata dabba mai barci, kowa a garin yana tafiya saɗaf-saɗaf, an hana daka, an hana kiɗa, don kada ta farka. Bayan na karanta shi na yi makonni ba na iya kallon duwatsun bayan garinmu ban ji kamar suna numfashi ba. Na biyu labarin wata ƙasa ce da ba a gadon gona ko shanu, sai abin da mamaci ya tuna a rayuwarsa, a zuba a tuluna a raba wa magada, wani ya sami ranar farin ciki, wani ya sami abin kunya. Na ukun ɗan siriri ne, ba hoto, ba labari. Wani tsoho ne yake ta yi wa kansa tambayoyi, ya amsa wasu, ya bar wasu a tsaye. Shi ya fi ba ni haushi, shi kuma na fi komawa gare shi.

Ina zaman jiran shiga kwalejin malamai aka fara maganar ƙaddamar da shari'a. Mu mun yi murna, ba zan ɓoye ba, Inna har sadakar waina ta yi. Amma labaran da ake ji daga wasu garuruwa sun tsorata baƙin da ke cikinmu, 'yan'uwan Anti kuma suka yi ta aiko mata da saƙo ta dawo gida har a ga yadda abin zai kasance. Baba ya ce mata muddin yana numfashi ba mai taɓa ta a gidansa. Ta ce ta sani, amma mahaifiyarta ta daina cin abinci don fargaba. Ta ɗauki hutu ana tsakiyar damina. Akwatin ya fi ƙarfin motar haya, don haka muka kinkimo shi ni da ita muka kai ɗakina, ta ɗaura mini makullin a gefen zane ta ce amana ce, sai ta dawo. Ban san ko za ta dawo ba, ita ma na ga alama ba ta sani ba.

Fitinar daga cikin gida ta taso, daga Yaya. Shi ne ɗan fari, kuma a shekarar nan ya shiga cikin samarin da suka ba da kansu don taimaka wa shari'a. Gaskiya ya gyaru, ya bar yawon banza, sahun farko ba ya wuce shi. Sai dai gemun bai gama fitowa ba wa'azin ya riga shi tsawo. Wata rana ya leƙo ɗakina ya tarar da ni kwance da littafin tulunan nan, a bangonsa an zana mace da tulu a ka, fuskokin mutane suna fitowa daga ciki kamar hayaƙi. Ya ce tsafi ne. Ya buɗe akwatin ya ce ga ƙarya nan jibge a gidan malami, ƙila har da zagin addini, mu ba mu sani ba. Ya ce a fitar da shi bayan gida a cinna masa wuta. Inna ba ta iya yi masa magana kai tsaye, don kunyar ɗan fari, sai ta dubi kwandon gyaɗa ta ce wa kwandon, wasu mutane dai tun da suka sami sabon wando ba a huta ba. Ni kuka kawai nake yi, ina riƙe da makullin da ba ya hana komai.

Da maganar ta kai gaban Baba, bai ba kowa gaskiya ba. Ya ce kayan amana ne, ba a taɓa su da zato. Amma kuma in da gaske akwai zagin Allah da Manzonsa a ƙarƙashin rufinsa, shi da kansa zai ƙyasta ashana, in Malama ta dawo ya gaya mata ido da ido, laifin a wuyansa. Ya ce bai taɓa raba gado bai ji ta bakin kowane magaji ba, littafi ma ba zai yanke masa hukunci bai ji ta bakinsa ba. Yaya ya zaɓo uku da ya fi zargi, ni in karanta ina mayarwa da Hausa a wajen ɓarar gyaɗa, in ɗaya ya faɗi, akwatin duka ya tafi. Yaya ba wawa ba ne. Bai tsaya duban hoto ba, waɗanda gefensu ya fi baƙi ya zaro, ya ce su ne suka cinye mini hankali.

Haka na sami hutun ɓawo a kakar nan, na koma mai karatu, yatsana ya huta maƙogwarona ya ɗauka. Wallahi kwanakin nan suna cikin mafi daɗin da na yi a duniya. Littafin dabba mai barci Inna ce ta hana shi tafiya. Kowane shafi sai ta tsayar da ni ta tambaya, to in ba a daka, da me suke tuwo? Da na ce niƙa suke yi a hankali, ta ce Allah ya kyauta, matan garin nan sun ga ta kansu. Matan maƙwabta suka fara shigowa da ƙwaryarsu wai taya mu aiki. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce wannan tatsuniya ce, kuma mai ita bai ce wahayi aka yi masa ba, a wuce.

Na tulunan kuwa ya kama Baba kamar ƙaya a riga. Ya manta da shi alƙali ne, ya koma mai gardama. In mamaci ya bar mata da 'ya'ya, wa zai ɗauki tulun da ke da sirrin wani? Ranar da mutum biyu suka yi ta tare, ta wa ce a cikinsu? Ya ce marubucin bai iya rabo ba sam, ya bar ƙaramar 'ya da tulun baƙin ciki ita kaɗai. Duk inda bai yarda ba sai ya ce in tsaya, ya yago ɗan ganyen dabino ya ba ni in saƙala a wurin, don na gaya masa dokar lanƙwasa takarda. Yaya yana gefe yana ɓare gyaɗa fuska a murtuke. Amma ranar da aka aike shi Jahun, da ya dawo sai da ya zagayo ta bayan Inna ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko yarinyar ta fasa tulun nata.

Saura ɗan siririn. Shi nake tsoro tun farko, don na san abin da ke tsakiyarsa. Akwai wurin da tsohon yake tambayar kansa game da addinin da ya tarar a gidansu, kuma na tabbata in Yaya ya ji wurin nan, akwatin Anti ya zama toka. Na yi kwanaki ina saƙawa ina kwancewa. A ƙarshe na ce, ai ni kaɗai ce mai Turanci a rumfar nan, Yaya nasa bai wuce na allon kanti ba, Baba kuwa ko littafin a kife na riƙe ba zai sani ba. Takarda ɗaya ce tak, gaba da baya. Na ma lallashi kaina cewa amana nake karewa.

Ranar bayan la'asar ce, gyaɗa ta kusa ƙarewa, mata uku na maƙwabta suna nan. Na karanta har na iso wurin, na sa yatsa na haɗa takarda biyu na juya lokaci guda, na ci gaba da magana ba ko numfashi. Ban yi layi uku ba na ji hannun Baba ya tsaya a cikin ƙwarya. Ya yi gyaran muryar nan da yaran unguwa suka sani. Ni da nake da sunan mahaifiyarsa, bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce, "takarda biyu kika juya."

Na ce a'a Baba, mannewa suka yi. Ya ce to a raba su. Ya ce takarda ɗaya ƙararta daban, biyu ƙararsu daban, ya shekara talatin yana jin wannan dabarar a hannun masu gudun doguwar sura. Ya ce kuma tsohon nan tun da muka fara bai taɓa hawa magana bai sa tsani ba, yau sai ga shi a kan soro.

Ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke gaba ɗaya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har na gwammace ƙasa ta tsage. Na koma baya, na faɗi abin da ke wurin ban rage ba. Tsohon yana cewa, da a wani gida aka haife shi, a wata ƙasa, da abin da yake rantsuwa da shi yau ba da shi zai rantse ba. To me ya taɓa yi da kansa don ya san abin da ya gada gaskiya ne, ba sabo kawai ba? Yaya ya miƙe tsaye, ɓawo yana zuba daga rigarsa, ya ce an ji ko, ga shi nan, yana sa mutane shakkar addininsu.

Baba ya ce ya zauna. Sannan ya ce da wannan tambayar malaminsu ya buɗe musu karatun tauhidi, ranar farko, suna gardawa. Ya ce malamai sun daɗe suna magana a kan wanda yake bin addini don kawai ya tarar da iyayensa a kai, bai taɓa zama ya nemi dalili ba. Tambayar ba zagi ba ce, wanda bai taɓa yi wa kansa ita ba shi ne abin tausayi. Inda suka rabu da tsohon, in ji shi, shi ne tsohon ya yi tambaya ya zauna a bakin ƙofa, bai shiga ya nemi amsa ba. Ya yago ganyen dabino ya miƙo mini. Ya ce wa Yaya akwatin zai zauna inda yake, kuma daga gobe ya riƙa zuwa zaure bayan asuba, akwai karatun da ya tsallake.

Na fara sakin ajiyar zuciya ke nan ya juyo gare ni.

"Littafin bai yi mini ƙarya ba, ke kika so ki yi. Da na wanke shi ban ji wannan wurin ba, da kin sa na yi shaidar zur a gaban ɗana. Amanar Malama kika tuna, kika manta da tawa. Ni ba ni da ido a kan takardar nan sai naki."

Bai ɗaga murya ba, da ma duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Na yi kuka sosai a gaban matan maƙwabta. Inna ta tura mini ƙwarya da ƙafa ta ce tun da bakin ya gaji, hannu ya kama aiki.

Anti ta dawo bayan Kirsimeti, ta rame, da buhun dankali a matsayin tsaraba. Gari lafiya lau, ɗakinta yadda ta bar shi. Muka mayar mata da akwatin, ta buɗe ta ga littattafai uku sun yi gashi da ganyen dabino, ta dube ni. Na gaya mata komai, har da abin da na yi, don na riga na koyi darasina. Ta ɗaura ɗankwali ta ce in raka ta zaure. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta yi godiya, sai kuma ta yi masa tambayar nan tata, me bai yarda da shi ba. Baba ya gyara zama ya ce, Malama, kina da lokaci? Sai da suka yi Asabar huɗu suna abu ɗaya, ina tsakani ina buɗe wuraren ganye. A kan rabon tuluna ta ba shi gaskiya. A kan tsohon kuwa kowa ya tashi da nasa, suka rabu suna dariya. Yaya da kansa ya ɗaga mata akwatin ya mayar kan bulo, yau kuma shi ake kira rabon gado a unguwar.

Da ta yi ritaya za ta koma gida, ta bar mini ɗan siririn. Yana nan a ƙasan adakata, ganyen ya bushe ya yi fari, yana wurin da Baba ya ce a sa shi. Na koyar a firamare shekaru masu yawa, na karanta wa yara abin da ba zan iya ƙirgawa ba, na karanta wa tsofaffin unguwa wasiƙu da takardun asibiti, wasu da labarin da na so ƙwarai in sassauta. Ban ce zamanin yanzu ya lalace ba, autata ta fi ni karatu nesa ba kusa ba, kuma ina jin daɗin haka. Jiya ma na sa ta karanta mini wani abu daga wayar, ta karanta da kyau, sai dai na kama kaina ina kasa kunne, ina jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Baba ya daɗe a ƙasa, ba sauran mai ji. Amma har yau in zan juya shafi a gaban wanda bai iya karatu ba, sai na murza takardar tsakanin yatsu biyu, na tabbata ɗaya ce.